Gwanjon ƙofar gida a Amurka, ya ake shigarsa?

Ƴar'uwa kin ce kin ga maƙwabta sun baza kaya a bakin gareji kina tambaya ko kowa zai iya zuwa ya saya. Eh kowa ma, tsohuwar al'ada ce a nan, mutum ya tattara kayan da ya daina amfani da su ya saida da araha, galibi safiyar Juma'a ko Asabar idan sanyi ya wuce. Za ki ga alluna a kan kwana, wasu kuma suna sawa a Facebook ko Craigslist, wani shafin tallan kaya a intanet.

Ki fita da sassafe don masu kyau basa daɗewa, ki riƙe ƙananan kuɗi dala 1, dala 5, kuma ana tayi amma cikin mutunci. Abin da kika biya ya zama naki, ba a maidowa, shi yasa duk kayan wuta ki ce a jona miki ki gani. Idan gida za ki aika ki tuna ƙarfin wutar nan Amurka volt 120 ne, tamu ta gida 230, sai da taransifoma in ba haka ba ya ƙone.

Katifa kam don Allah ki barta saboda kuɗin cizo, haka kujerar mota ta jarirai tunda ba ki san ko ta taɓa hatsari ba. In ke za ki saida naki, tambayi ofishin garinku tukuna, wasu garuruwan sai da takardar izini.