Shin tauraron ɗan Adam zai iya auna gurɓatar iskar unguwarmu?

Tambaya: Ina zaune a wata unguwa ta Kano da ke kusa da masana'antu, kuma hayaƙi ya dame mu. Shin hotunan tauraron ɗan Adam za su nuna mana yawan gubar da muke shaƙa?

Amsa: Za su taimaka ƙwarai, malam, sai dai suna da iyaka. Tauraron da aka fi dogara da shi a wannan aiki shi ne Sentinel-5P, wanda Hukumar Sararin Samaniya ta Turai ta harba a shekarar 2017. Na'urarsa mai suna TROPOMI tana duba hasken rana da ya dawo daga ƙasa, ta gane irin iskar da ta shanye wani ɓangarensa, kamar naitrojin dayoksaid da ke fita daga salansar mota da janareto. Bayanansa kyauta ne ga kowa.

Matsalar ita ce, ɗigo ɗaya a hotonsa ya kai kilomita 5.5 a tsawo da 3.5 a faɗi, wanda zai haɗiye unguwanni da dama, kuma yana ratsa samanmu ne wajen ƙarfe 1:30 na rana, alhali hayaƙi ya fi kwanciya a ƙasa da asuba da bayan magariba, lokacin da ake hura murhu, ake ƙona bola. Da damina kuwa gajimare yakan rufe masa ido.

Abin da ya fi damuna shi ne, yana auna iskar gaba ɗaya, tun daga ƙasa har sama. Da hunturu, na'urar MODIS da ke kan taurarin ɗan Adam na Amurka tana nuna ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele na arewacin Chadi ƙarara, amma hoton kaɗai ba zai bambance ƙurar da ke can sama da wadda ke shiga ƙirjin yaro ba. Ƙananan ƙwayoyin ƙura da hayaƙi da ake kira PM2.5, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 kada matsakaicinsu ya wuce maikrogram 15 a kowace mita kubik ta iska (wato mita ɗaya a tsawo, faɗi da zurfi) a yini, hasashensu ake yi daga hoton.

Shawarata ita ce ku nemi a kafa muku ƙaramar na'urar awo a makarantar unguwa, daidai tsayin mutum, ku riƙa adana abin da take nunawa safe da dare, sannan ku kai wa masana a jami'a su gwama shi da hotunan watanni da yawa kafin ku tunkari hukumar kula da muhalli.