Amsa ga mai manhajar shinkafa: eh, dokokin za su taɓa ka

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce ka kusa kammala manhajar da dillalan shinkafa za su riƙa rubuta buhuna da bashi a ciki, kana tambaya ko dokokin da ake gindaya wa su Google da Apple sun shafi mai aiki shi kaɗai a Argungu. Sun shafe ka ƙwarai. Hukuma takan matsa wa babban kamfani, shi kuma ya mayar da abin fom da sharaɗi ya miƙo maka, alhali shi yana da lauyoyi, kai kuwa daga kai sai kwamfutarka.

Dala 25 ta rajistar Google Play sau ɗaya ake biya, ba ita ce wahalar ba. Duk wanda ya buɗe asusu da sunansa bayan 13 ga Nuwamban 2023 sai ya samo masu gwaji na kwana 14 a jere kafin manhajarsa ta fita kasuwa. Da farko mutum 20 ne, daga baya aka rage zuwa 12. A zamanin 20 ɗin na yi tawa a nan Birnin Kebbi. Wuni guda na yi a rumfar wani mai cajin waya ina roƙon mutane. Wannan ya mance kalmar sirrin Gmail ɗinsa domin yaron shago ne ya buɗe masa, wancan wayarsa ta cika maƙil da bidiyon biki, sai da muka goge wasu kafin ta karɓa. Ka fara tara mutanenka tun yau.

Inda na fi so ka natsu shi ne bayanan jama'a. Tun 2023 muna da dokar kare bayanan sirri, da hukumar NDPC mai kula da ita, kuma suna, lambar waya da bashin da ake bin mutum duk suna ciki. Ni da hannuna na yi kuskure: na sa manhajata ta nemi izinin shiga lambobin da ke cikin waya, wai don sauƙin zaɓen abokin ciniki. Wani dattijo mai shago ya dube ni ya ce, "Ɗana, me ya haɗa ka da lambar iyalina?" Ban sami amsa ba. A daren na cire.

Kuma wallahi ina goyon bayan wannan tsaurin. Duk mun ga yadda manhajojin ba da rance suka riƙa tura wa dangin mutum saƙon tozarci, har hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta FCCPC ta shiga maganar, Google ma ta hana su taɓa lambobi da hotuna a 2023. Tunda taka ta shafi bashi, ka bayyana ƙarara cewa rubutawa kawai take yi, ba ta ba da rance.

Turai kuwa kada ta hana ka barci. Saboda dokarsu, Apple na buga adireshi da lambar wayar mai sayar da manhaja a can ga kowa ya gani. Dillalanka suna Argungu, Jega da Kamba, da wayoyin Android. Zaɓi Najeriya da Nijar a jerin ƙasashen da za a saki manhajar a Google Play, ka bar lissafin ya zauna cikin wayar mai shi ko babu intanet. In ka zo cike fom ɗin tsaron bayanai na Google Play ka yi mini magana mu bi shi tare.