Tambaya da Amsa: Giyar A-kori-kurata Tana Zafi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar Hilux mai giya otomatik. Na ƙara mata sifirin, na sa manyan tayoyi saboda yashi, ina jigilar shinkafa da albasa tsakanin Aliero, Jega da Birnin Kebbi. Tun shigowar bazara, in na yi nisa da lodi sai giya ta riƙa nawar shiga, ga ƙauri. Bakanikena ya ce sai an canza giyabos. Ina mafita? — Mai karatu daga Jega

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Dakata da sayen giyabos tukuna. In mota ta ɗumama, ka tsaya a shimfiɗaɗɗen wuri, inji na aiki, giya a kan P, ka zaro sandar awon man giya ka goga a farar takarda. In ja ne, da sauƙi. In ya yi duhu yana ƙauri, man ya dahu, a canza shi da irin wanda littafin motar ya ce, a wanke ko a sauya matatarsa. In kuwa aka tarar da ɓarɓashin ƙarfe a gindin tiren mai, to bakanikenka ya fi ni gaskiya.

Zafin nan daga kwambata yake fitowa, wato tulun da ke tsakanin inji da giya. Da mai take tura ƙarfi, kuma duk lokacin da nauyi ya rinjaye ta sai ta yi ta kaɗa man har ya ɗau zafi. Manyan tayoyinka sun ƙara mata aiki, lodi ya ƙara, ga ranar Afrilu da ke haura digiri 40 a Kebbi. Man giya ya fi son digiri 80 zuwa 95. Da ya wuce 120 lalacewarsa ba ta da wuya.

Maganin shi ne ƙaramin lagireto na man giya, a ɗaura shi gaban babban lagireto inda iska ke bugawa. Mai faranti-faranti ya fi mai lanƙwasasshen bututu sanyayawa. A haɗa shi yadda mai zai fara bi ta bututunsa da ke cikin babban lagireto, sannan ƙaramin, ya koma giya. Wasu kanikawa kan tsallake babban gaba ɗaya. Ni ban yarda da haka ba, sai in cikinsa ya fashe ruwa na garwayuwa da mai. Kada a sa tiyon ruwa, mai zai cinye shi. Bayan an gama a ciko mai, domin sabon lagireton zai sha nasa rabon.

Sauran a hannunka yake. Da lodi a hawa, danna maɓallin O/D ka kashe babbar giya. A yashi ka sauko 2 ko L, ka daina danne totur mota na tsaye tana gurnani. Ƙaiƙayin shinkafa da ƙura na toshe haƙoran lagireto, a riƙa wanke su. In da hali ka sa geji na zafin man giya. Allura na doshin 110, ka sauka gefen hanya, ka sa P, ka bar inji na aiki har ta sauko.