Tambaya da Amsa: Abokina ya ci fesikh, yanzu yana gani biyu-biyu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Alƙahira. Ranar Sham el-Nessim, bikin shigowar bazara na Masarawa, maƙwabcinmu ya kawo mana fesikh, kifin burin nan da ake tsumawa cikin gishiri. Abokin ɗakina ya ci, yau ya tashi bakinsa a bushe, yana ganin abu ɗaya ya zama biyu. 'Yan'uwa sun ce ba komai tunda ya matsa lemun tsami, ya kuma sa mai a kai kafin ya ci. Wallahi hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ajiye wayar nan ka kai shi asibiti yanzu, ka gaya wa likita kai tsaye cewa ya ci fesikh. Duk wanda ya sa hannu a kwanon nan shi ma a duba shi. Sauran bayanin ka karanta a hanya.

Buri kifin gaɓar teku ne da ba ya tsoron ruwan daɗi. A teku yake zuba ƙwai, 'ya'yan su shigo bakin kogi da tafkuna irin su Manzala da Bardawil su girma. Abincinsa laka ce: yana kwasar taɓon ƙasan ruwa, ya tace gansakuka da ruɓaɓɓen ganye, cikinsa kuma mai tauri ne kamar ƙundun kaza, da shi yake niƙa. To a cikin lakar nan ƙwayar cutar da ake kira Clostridium botulinum take kwance. Shi kuwa fesikh ba a fiɗe shi, da hanjinsa ake shanya shi, a danna cikin gishiri a rufe. Idan gishirin bai ratsa cikin kifin da wuri ba, ga babu iska, sai ƙwayar ta farka ta saki guba.

Maganar lemun tsamin nan ita ce ke ƙona mini rai, kullum sai na ji ta. Lemun tsami ba ya kashe wannan guba. Mai ba ya kashe ta, albasa ma haka, sanyin firij kuma ba ya taɓa ta. Wasu su ce sun shinshina ba su ji ruɓa ba. Kifin da dama wari ne adonsa, me hanci zai gane? Ita gubar ba lallai ta canza wari ko ɗanɗano ba. Abin da ke karya ta wuta ce, zafin digiri 85 a ma'aunin Celsius na aƙalla minti 5 har tsakiyar naman, fesikh kuwa ɗanye ake cin sa. A watan Afrilun 1991, nan Alƙahira, an kwantar da mutum 91 saboda fesikh, 18 suka rasu. Ma'aikatar lafiyar Masar duk shekara sai ta yi gargaɗi kafin bikin, amma wani mai kanti ya ce "namu mai kyau ne", shi ke nan an yarda.

Alamun kan fito tsakanin awa 12 zuwa 36, yawanci babu zazzaɓi, shi ya sa ake raina su. Daga ido take farawa, fatar ido ta faɗo, haɗiya ta gagara, murya ta shaƙe, sannan shanyewar ta gangaro ƙirji numfashi ya tsaya. Allurar maganin gubar tana tare wadda ba ta kama jijiya ba ne kawai, wadda ta riga ta kama sai jinya mai tsawo, wani lokacin da injin numfashi. Kada a ba shi madara ko zuma a ce a jira gobe, yana iya shaƙewa. Ragowar kifin ku ƙulle a leda ku tafi da shi asibitin. Allah Ya ba shi lafiya.