Amsa: Yaya aka gano baƙin rami alhali ba a ganinsa?

Ɗan'uwa daga Gusau, ka tambaya: tunda haske ma ba ya kuɓuta daga baƙin rami, wa ya gan shi har aka ce akwai shi? Tambayar ta yi min daɗi, don ɗalibaina a Birnin Kebbi sun sha yi min ita.

Ba rami ba ne irin na rijiya. Yawanci babban tauraro ne da makamashinsa ya ƙare, ya dunƙule a wuri ɗan mitsitsi. Kafin abu ya tsere wa jan duniyarmu, sai ya yi gudun kilomita 11 a daƙiƙa. A can kuwa, ko gudun haske, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, bai isa ba. Da za a matse duniyar nan ta zama baƙin rami, ba za ta wuce girman goro ba. Wannan lissafin har yau yana ba ni mamaki.

Da alƙalami aka fara gano shi. Masanin kimiyya Albert Einstein ya fitar da nazariyyarsa kan ƙarfin ja a 1915, sai Bajamushe Karl Schwarzschild ya warware lissafinta a 1916, lissafin da ya nuna irin wannan rami zai iya kasancewa.

Batun gani kuwa, ka tuna guguwar bazara: iskar ba ka ganinta, ƙura da karan da take juyawa kake gani. Haka gas ɗin da ke kewaya ramin yake yin zafi har ya yi haske. Hoton farko na 2019, daga gungun taurari na M87, wannan zoben wutar ne kewaye da inuwarsa.