Tagwayen Taurari Cikin Bargo Ɗaya: Haɗewa Ko Tsira?

Ka ce, "Malam, idan babban tauraro ya kumbura ya lulluɓe ɗan'uwansa da iskar gas, yaya zan gane ko za su haɗe ko za su tsira?" To, ɗauko biro, lissafin bashi ne.

Ƙaramin yana kutsawa cikin bargon gas ɗin, gas na jan sa baya, tazararsu na raguwa. Makamashin da falakin, wato zagayen da suke yi wa juna, ya rasa shi ke biyan kuɗin korar bargon. Masanin taurari Paczyński ya yi wannan bayani a 1976 kan tagwayen taurarin V471 Tauri, masu gama zagayensu cikin awa 12 da rabi. Webbink ya kawo ma'aunin alfa a 1984, wato kason makamashin da ya yi aiki da gaske. Lamda kuwa tana nuna yadda gas ya jeru cikin tauraron.

Gwada wannan, da ma'aunin Rana (nauyin Rana 1, rabin faɗinta 1): babba nauyi 1.5, ƙwayarsa ta tsakiya 0.4, bargo 1.1, rabin faɗin babban 100, nauyin ƙarami 0.5. Bashin shi ne 1.5 sau 1.1, a raba da 100: 0.0165. In alfa sau lamda 1 ne, tazarar ƙarshe kusan 5.5 ce. In 0.25 ne, ta sauko 1.5.

Nan masu koyo ke tuntuɓe, su tsaya suna murna. Kada ka tsaya. Auna iyakar Roche ta ƙaramin, wato ɗakin da tauraro zai iya cikawa kafin gas ɗinsa ya malala wa ɗan'uwansa, kusan 0.4 na tazarar ce. A 1.5 ta ba ka 0.6, shi kuwa rabin faɗinsa bai kai 0.5 ba, ya sha da ƙyar. Sauke alfa sau lamda zuwa 0.15: tazara 0.9, iyaka 0.36, ya fi ƙarfin ɗakinsa, sun haɗe ke nan. Haka tagwayen taurarin V1309 Scorpii suka haɗe a 2008, bayan zagayensu na kwana 1.4 ya yi ta gajarta.

Ni dai lamda na fi tsoro, domin inda ka shata iyakar ƙwaya da bargo yana sauya ta sosai. In kuma a kwamfuta ka ga tazara ta daina raguwa alhali bargo bai tafi ba, duba ko ka saka makamashin da haidurojin ke saki in ya sake kama lantarkinsa, 13.6 eV (ma'aunin ƙaramin makamashi) kowane atam.