Tsakanin "Na Ƙi" da "To": Amsoshin Tambayoyin Masu Karatu

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne mai koyon aikin fassara a Zariya. An ba mu jimlar Turanci mai ɗauke da kalmar "reluctance", na fassara ta da "ƙin yarda", malaminmu ya soke. Ina kuskurena, kuma wace kalma ce daidai?

Amsa: Malaminku ya yi daidai da ya soke. Idan Bature ya yi amfani da wannan kalma, bai ce an rufe ƙofa ba. Ko dai mutumin ya riga ya yi abin, ya sa hannu a takardar, ya biya kuɗin, ya je aiken, amma zuciyarsa ba ta raka shi ba, ko kuma yana bakin yi yana ja da baya. Kai kuwa da ka rubuta "ƙin yarda" ka shaida wa mai karatu an yanke magana, ba a yi ba kuma ba za a yi ba. Ka ga ka ba da labarin da ba shi aka ba ka ba.

Asalin kalmar Latin ne, daga wani aikatau mai nufin yin kokawa, aka sa masa ɗafa-goshi mai nufin mayar da martani. Ta shiga Turanci a ƙarni na 17, kuma da farko turjiya ta zahiri take nufi, irin ta ragon da ake ja zuwa kasuwa yana kafe ƙafafu. Daga baya ta yi laushi, kokawar ta koma cikin zuci. 'Yar'uwarta "unwillingness" tushenta kalmarsu ce ta nufi, kuma ta ɗan fi kusa da "ƙi" namu, ko da yake ita ma ba ta kai shi ƙarfi ba.

Batun wace kalma ce daidai kuwa, ka daina neman guda ɗaya. Bahaushe bai tara wannan hali cikin suna ɗaya ba. Yakan dubi abin da jikin mutum ke yi, ya kuma dubi dalilin, sannan ya zaɓi magana. Gwamnatin da ta yi alkawarin biyan bashin albashi, wata ya wuce wata ba a gani ba, "jan ƙafa" take yi. Shaidan da aka kira gaban alƙali yana tsoron abin da zai biyo baya, "ɗari-ɗari" yake yi, in aka matsa masa ya "noƙe". Yaron da aka aika ba ya so, kafaɗa yake maƙewa. Yarinyar da ta kasa gaya wa mahaifinta wanda take so, ba ƙi ta yi ba, ba tsoro ba ne kuma, "nauyinsa" take ji, kuma wannan jin nauyi tarbiyya ce da ake yabo. Wanda aka daɗe ana lallashi kafin ya amince, "da ƙyar" ya yarda, in an sha wuya sosai a ce "da ƙyar da jiɓin goshi". Wanda ya yi yana ƙunƙuni, ya yi ne "ba da son ransa ba". Duk waɗannan Bature zai iya rufe su da kalmarsa ɗaya, mu kuwa dole mu faɗi wanne ne. Don haka kafin ka fassara, koma cikin labarin ka gano me ya hana mutumin sakin jiki: tsoro ne, kunya ce, ƙyashi ne, ko jiki ne ya yi nauyi.

Abin da ke damuna a nan shi ne wata cuta da ta kama masu fassarar labarai, wato cutar "rashin". Duk kalmar Turancin da ta gagara, sai a ɗauko "rashin" a liƙa mata wani abu. Ka kunna rediyo ka ji "ya nuna rashin sha'awarsa ta halarta", "sun bayyana rashin aniyarsu", "rashin son yin aikin". Wace tsohuwa ce a Kano ko Katsina ta taɓa cewa jikanta ya nuna rashin sha'awar zuwa ɗiban ruwa? Cewa za ta yi yana mata ganda. Hausa harshe ne mai son aikatau, mai son a ga mutum yana motsi a cikin jimla. Idan aka cika ta da sunaye masu "rashin" a gaba, sai ta sandare, mai sauraro ya riƙa mayar da ita Turanci a ransa kafin ya gane. Kuma yaranmu wannan suke ji kullum, har sun fara ɗauka ita ce Hausar masu ilimi, ta gida kuwa ta ƙauye ce. Wannan asara ce babba, kuma ku masu koyon fassara a yau ku ne za ku iya tsayar da ita.

Tambaya: Malam, ni malamar firamare ce a Damagaram. Mene ne bambancin ƙiwa, ƙyuya, ganda da kasala?

Amsa: Malama, ƙiwa a bakin yawancin mutane ta jariri ce, wanda baƙo zai miƙo hannu ya ɗauke shi, ya maƙale wa uwarsa yana kuka. Ƙyuya, wasu su ce ƙiwuya, ita ce gudun aiki ga mai lafiya da ƙarfi. A wasu garuruwan ana musanya kalmomin biyu, kuma ba laifi ba ne, karin harshe ne. Ganda ta fi ƙyuya rashin kunya, domin mai ganda aikin da yake wajibinsa ne yake zillewa, ana gani yana gani.

Kasala kuwa aro ce daga Larabci, kuma ita a jiki take, mutum na iya son abu kasala ta hana shi tashi. Wanda ya yi karatun allo ya san aya ta 54 a Suratut Tauba, inda aka siffanta munafukai da cewa ba sa zuwa salla sai cikin kasala, ba sa ciyarwa sai suna masu ƙi. An ambaci halayen biyu a jere, kowanne da kalmarsa, ɗaya nauyin jiki, ɗaya ƙin zuci. Kalma ta biyun tushenta ɗaya da "makaruhi" da muke ji a fiƙihu. Ga ɗalibin Zariya ma, wannan ciyarwa da ake yi hannu na bayarwa zuciya na ƙi, ita ce ainihin abin da kalmar Turancin nan ke nufi.

Tambaya: Me ake nufi da "dole ƙanwar na ƙi"? Me ya sa ƙanwa, ba uwa ko 'ya ba?

Amsa: Ana faɗin ta ga wanda ya yi abin da ba ya so don ba shi da mafita. A fahimtata, an ce ƙanwa ne saboda ƙanwa a bayan yayarta take zuwa, kuma gidansu ɗaya. Ka fara cewa "na ƙi", ba a jima ba dole ta biyo sawu, ka yi abin da ka ƙi ɗin. Akwai mai kama da ita, "tilas ba ta rasa ɗakin kwana". Amma kada a haɗa su da "kowa ya ƙi sharar masallaci ya yi ta kasuwa", kamar yadda nake jin wasu na yi. Waccan gargaɗi ce ga mai ƙin aikin daraja, cewa zai ƙare a na wulaƙanci. Ita kuwa "dole ƙanwar na ƙi" ba ta zargin kowa, sau da yawa ma mutum kansa yake faɗa wa don ya rarrashi zuciyarsa.

Tambaya: Na ga an rubuta "kujerar naki" a wani labari kan Majalisar Ɗinkin Duniya. Daidai ne?

Amsa: Maganar daidai ce, rubutun ne ya lalace. "Kujerar na-ƙi" ake cewa, wato ikon da ƙasashe biyar masu zaman dindindin a Kwamitin Sulhu suke da shi tun kafa majalisar a 1945: Amurka, Birtaniya, Faransa, Rasha da Sin. Ƙasashe 15 ne a kwamitin, amma ko sauran 14 sun amince da ƙuduri, ɗaya daga cikin biyar ɗin ta hau kujerar na-ƙi, ya mutu. Wannan na cikin ƙirƙira mafi kyau da aka yi wa Hausar labarai, kuma a nan "ƙi" ya zauna daram, don ba jan ƙafa ba ne, yankewa ce. Amma "naki" ba ƙugiya, a haɗe, abin mace ne: littafin nan naki ne. Haruffa masu ƙugiya suna cikin rubutunmu tun shekarun 1930, yanzu kuma ana iya sa su a waya cikin minti biyu. Babu sauran uzuri.

Tambaya: "Ana so ana kaiwa kasuwa" fa?

Amsa: Wannan ƙi ne na baki kawai, zuciya na so. Kada ka ruɗa shi da alkunyar baƙon da aka ce wa bismilla ya ce ya ƙoshi, domin shi ladabi yake yi, kuma mai gida ya san sai ya sake tayi.

Tambaya: Ana cewa "ya yarda ƙememe"?

Amsa: A'a. Ƙememe da ƙi take tafiya: ya ƙi ƙememe, ya hana ƙememe. In yarda ce, ka ce ya yarda ɗari bisa ɗari, ko ya amince da zuciya ɗaya.